Masu Gina Manhajar Biyan Kuɗi ta Ƙetaren Iyaka

A kasuwannin Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, da wuya ka ga teburin mai sayarwa da ba a kafa masa wani ɗan kwali mai jan kai ba, ɗauke da zanen murabba'i na baƙaƙe da fararen ɗigo. Mai 'ya'yan itace yana da nasa, mai gasa kifi yana da nasa, direban keke mai ƙafa uku ma ya rataya nasa a bayan kujera. Mai saye zai ciro waya, ya haska zanen da kyamara, ya rubuta kuɗin, ya danna, kafin ya mayar da wayar aljihu mai kaya ya ga alat. Kuma ba dole ne mai sayen ya zama ɗan ƙasa ba. Baƙo daga Biyetnam ko Sin zai iya haska kwalin da manhajar da yake amfani da ita a gida, a cire masa kuɗin ƙasarsa, mai kaya ya karɓi nasa a asusunsa na Kambodiya, ba tare da kowa ya taka wurin ɗan canji ba.

Akwai sana'a a bayan wannan kwali, sai dai masu yin ta ba a ganinsu a kasuwa. Su ne maginan manhajar biyan kuɗi ta ƙetaren iyaka. Wanda ya hango su daga nesa zai ce aikinsu rubuta wa kwamfuta umarni ne, kuma lallai rubutun yana ciki. Amma wanda ya daɗe a aikin ya san amana yake ginawa: mutum biyu da ba su san juna ba, ba sa jin harshen juna, ba kuɗi ɗaya suke kashewa ba, su rabu kowa ya tabbata haƙƙinsa ya cika. Duk wata dabara ta wannan sana'a, a kan wannan ma'auni ake ɗora ta.

Asalin aikin

Wannan zane shi ake kira lambar QR, kuma ba don kuɗi aka ƙirƙiro ta ba. A 1994 wani injiniya mai suna Masahiro Hara da 'yar tawagarsa a kamfanin Denso na Japan suka fito da ita domin bin sawun kayan haɗa mota a masana'anta. Tsohuwar lamba mai tsaye-tsayen layuka, irin wadda ake gani a jikin kayan kanti, ba ta ɗaukar abin da ya wuce haruffa ashirin ko kusa da haka. Sabuwar tana iya ɗaukar alƙaluma har 7,089, ana karanta ta ta kowace fuska saboda ƙananan murabba'ai uku da ke kusurwoyinta, kuma idan an yi ta da kariya mafi ƙarfi, ko kusan kashi 30 cikin ɗari ya goge tana karantuwa. Kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da ita kyauta, shi ya sa ta bazu duniya.

Sinawa ne suka mai da ita hanyar biyan kuɗi ta yau da kullum, ta hannun Alipay da WeChat Pay. Dalilin karɓuwarta a fili yake: na'urar karɓar kati tana da tsada, tana son caji, tana son gyara, shi kuwa kwali buga shi kawai za a yi. Sai dai kowane kamfani da irin tasa lambar, har teburin ɗan kasuwa ya cika da kwalaye. A 2017 ƙungiyar EMVCo, wadda manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard da UnionPay da JCB suka mallaka, ta fitar da tsari guda na yadda za a jera bayani a cikin lambar. A kansa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka ɗora nasu: Singafo ta fito da SGQR a 2018, Indunusiya ta fito da QRIS a 2019, Kambodiya ta ƙaddamar da KHQR a 2022. Da yake tushen ɗaya ne, sai haɗa ƙasa da ƙasa ya zama abin da zai yiwu.

Kambodiya ta shigo wannan fage da nata ciwon. A 1975 mayaƙan Khmer Rouge da suka ƙwace mulki sun soke kuɗi gaba ɗaya, aka rusa ginin babban banki. Sai a 1980 aka dawo da kuɗin ƙasar, riyel. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe al'amuran ƙasar a 1992 da 1993 dalar Amurka ta kwararo, ta zauna daram, har ta kai fiye da kashi 80 cikin ɗari na ajiyar bankuna a dala yake. Mutum ya biya da dala, a ba shi canji da riyel, a kan wajen riyel 4,000 kowace dala. Ga bankuna da kamfanonin aika kuɗi barkatai, ba mai jin maganar wani. Babban bankin ƙasar ya so hanya ɗaya da za ta haɗa su, ta kuma dawo wa riyel martabarsa. Ya haɗa gwiwa da kamfanin Soramitsu na Japan, aka yi gwaji a 2019, aka ƙaddamar da tsarin a watan Oktoba na 2020 da sunan Bakong, sunan wani tsohon wurin bauta na ƙarni na tara a yankin Angkor. Serey Chea, wadda ta ja ragamar aikin tana babbar darakta, ita ce ta zama gwamnar bankin a 2023. An gina Bakong a kan fasahar bulokcen, shi ya sa ya zama abin nazari ga duk mai wannan sana'a.

Ma'aikata da kayan aiki

Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai gina fuskar manhaja, wato abin da mai waya ke gani yana taɓawa. Shi ne ke fama da Android da iPhone, da harsunan kwamfuta irin su Kotlin da Swift. Akwai mai gina ciki, wanda ke rubuta umarnin da ke gudana a kan manyan na'urorin kamfani, inda ake cire kuɗi daga wannan asusu a zuba a wancan. Akwai mai kula da kundin bulokcen. Akwai mai gwaji, wanda aikinsa kullum neman hanyar da zai ɓata abin da 'yan'uwansa suka gina kafin ɓarawo ya riga shi. Akwai mai tsaro, da mai bin dokokin babban banki, da akawu wanda ya san lissafin banki ciki da bai. Tawagar da ta raina ɗaya daga cikin ukun nan na ƙarshe ba ta daɗewa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, intanet mai ƙarfi, da durowa cike da wayoyi. Magini na ƙwarai ba ya gwada aikinsa a kan tsadaddiyar wayarsa kaɗai. Yana neman tsohuwa mai fasasshen gilashi da dusasshiyar kyamara, ya fita da ita rana tsaka, ya shiga da ita rumfa mai duhu, domin irinta ce a hannun yawancin masu ciniki. Akwai kuma filin gwaji, inda ake juya kuɗin bogi sau dubbai kafin a taɓa na gaske. Sana'ar tana da ladubbanta. Ba wanda rubutunsa ke shiga cikin manhaja sai wani ya karanta ya amince, ko da kuwa shi ne babba. Ba a sakin sabon gyara a jajibirin biki, lokacin da ciniki ya fi yawa. Kowane dare kuma akwai mai tsaron aiki, wanda wayarsa ke kusa da kunnensa, domin hada-hadar kuɗi ba ta barci.

Abin da ke cikin zanen

Darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne babu kuɗi a cikin lambar QR. Rubutu ne kawai aka mai da shi ɗigo-ɗigo. Idan aka warware shi sai a ga dogon layi na alƙaluma da haruffa, an jera su gida-gida. Kowane gida yana farawa da lambarsa, sai adadin haruffan da ke cikinsa, sai bayanin kansa. Misali, idan magini ya ga 5303116, ya san 53 gidan nau'in kuɗi ne, 03 na nufin alƙaluma uku ke biye, 116 kuwa lambar riyel ce a tsarin duniya. Da dala ce sai ya ga 840, da naira ce 566, da sefar Afirka ta Yamma ce 952. Gida na 54 na adadin kuɗi ne, na 58 na ƙasa, na 59 sunan mai kaya, na 60 garinsa. Gidan ƙarshe, na 63, haruffa huɗu ne da ake samu ta hanyar lissafa duk abin da ya gabata. Idan kyamara ta karanta harafi ɗaya ba daidai ba, lissafin ba zai fita ba, manhaja ta ƙi ci gaba.

Lambar iri biyu ce. Akwai ta dindindin, wadda ake bugawa a kwali, mai saye ya rubuta kuɗin da kansa. Akwai ta ciniki guda, wadda na'urar kanti ke fitarwa da kuɗin a ciki, ta mutu bayan an biya. Ta farko ta fi arha, ta biyu ta fi tsaro. Magini ne zai san wadda ta dace da mai gyaɗa da wadda ta dace da otal.

Kundin da kowa ke riƙe da kwafinsa

A adashi, uwar adashi ce ke riƙe da littafi, kowa ya dogara da ita. A ce kowane ɗan adashi yana da nasa kwafin, ba a rubuta zubi ko kwasa sai mafi yawansu sun shaida, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi, ta yadda wanda ya goge layi ɗaya a baya duk shafukan gaba za su tona shi: to haka bulokcen yake aiki.

Amma bulokcen iri-iri ne, kuma zaɓen wanda ya dace yana cikin manyan hukunce-hukuncen magini. Na Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, a buɗe yake ga kowa, sai dai yana ɗaukar wajen minti goma kafin a rufe shafi guda, farashinsa kuma yana hawa da sauka. Ba mai sayar da kifin da zai tsayar da mai saye minti goma. Bakong ya yi amfani da Hyperledger Iroha, wanda Soramitsu ya rubuta ya kuma saki rubutunsa kyauta a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Wannan kundi ne mai ƙofa: babban banki ne ke cewa wa zai shiga, ciniki yana tabbata cikin 'yan daƙiƙu, kuma abin da ke yawo a cikinsa riyel ne da dala waɗanda ke da madogara a ajiyar bankuna. Amfanin da Kambodiya ta samu shi ne babban banki da ƙaramin kamfanin aika kuɗi duk suna rubutu a kundi ɗaya, ba sai an jira ƙarshen yini ana bin juna bashi ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Yawancin haɗin da ke tsakanin ƙasashen yankin ba da bulokcen aka yi shi ba. Haɗin PromptPay na Tailan da PayNow na Singafo a 2021, wanda ya zama abin koyi, da tsarin banki na yau da kullum aka gina shi, kuma yana aiki lafiya. Gwani a wannan sana'a shi ne wanda mai jari zai zo masa da ɗokin bulokcen, ya zaunar da shi ya tambaye shi: su wane ne ba su yarda da juna ba har suke buƙatar kundin haɗaka? Idan akwai su, a yi. Idan babu, a sauƙaƙa wa kai.

Yadda kuɗi ke tsallaka iyaka

A ce ɗan Kambodiya ya shiga shago a Biyetnam, ƙasar da aka haɗa tsarinta da nasu a ƙarshen 2023, bayan Tailan da Lawos. Ya haska lamba. Manhajarsa ta duba gida na 58 ta ga ba ta gida ba ce, sai ta miƙa tambaya ga cibiyar biyan kuɗi ta ƙasarsa, ita kuma ta tuntuɓi takwararta ta Biyetnam: wannan mai kaya yana nan? Mene ne sunansa? Amsa ta dawo. Sai a nemi farashin canji daga bankin da aka naɗa don wannan aiki, a nuna wa mai saye sunan shagon, da kuɗin a dong na Biyetnam, da abin da za a cire masa a riyel. Ana riƙe masa wannan farashi na ɗan lokaci kaɗan. Idan ya amince ya sa lambar sirrinsa, sai a cire a nan, a aika saƙo, a zuba a can.

Abin lura shi ne saƙo ne ya tsallaka, kuɗin bai motsa ba. Bankin da ke Biyetnam ya biya mai shago daga dong ɗin da ke hannunsa, bankin da ke Kambodiya ya karɓi riyel, daga baya su biyun su zauna su daidaita lissafi. Saboda haka dole kowane ɓangare ya tanadi kuɗi a ajiye, kuma idan ciniki ya karkata gefe guda, masu saye suna ta fita ba masu shigowa, rumbun ɗaya zai ƙare. Magini yana rubuta abin da zai yi gargaɗi tun kafin a kai nan. Babban bankin Kambodiya kuma ya sa sharaɗin cewa daga asusun riyel ake irin wannan biya, don ya ba mutane dalilin ajiye kuɗin ƙasarsu. Wato siyasar kuɗi tana shiga har cikin rubutun manhaja.

Wasu maginan suna neman gajerar hanya ta sulallan intanet masu tsayayyen farashi, waɗanda aka ɗaure darajarsu da dala ko yen: a mai da kuɗin mai saye sulalla, a tura ta bulokcen, a mai da shi kuɗin mai kaya a ɗaya gefen. A 2023 Soramitsu ya bayyana shirin haɗa ƙasashen Asiya ta irin wannan hanya, da Bakong a tsakiya. Dabarar tana rage jira da yawan 'yan tsakiya, amma tana tsaye ne a kan gaskiyar mai sulallan. A watan Mayu na 2022 sulallan TerraUSD, da aka ce ba za su taɓa rabuwa da dala ɗaya ba, sun rushe cikin 'yan kwanaki, dukiyar mutane ta salwanta. Tun daga nan mai hankali ba ya ɗora manhajarsa a kan sulalla sai ya san wa ke riƙe da ajiyar, wa ke binciken ta, wace hukuma ke sa ido.

Akwai kuma wahalar yawa. Idan ƙasa goma za su haɗu bibbiyu, haɗi 45 ake buƙata, kowanne da yarjejeniyarsa da gwajinsa. Shi ya sa bankin BIS da ke Basel ya jagoranci shirin Nexus, inda kowace ƙasa za ta haɗu da cibiya guda sau ɗaya. Rabin wannan aiki a ɗakin taro ake yin sa, tsakanin lauyoyi da jami'an manyan bankuna, kuma maginin da ba shi da haƙurin zama da su ba zai ga ƙarshen aikinsa ba.

Inda ake gane gwani

Kowa na iya gina manhajar da ke aiki ranar da komai ke lafiya. Ana gane gwani ne ranar da sabis ya ɗauke a tsakiyar ciniki. An cire kuɗin mai saye, saƙo ya tafi, amsa ba ta dawo ba. An biya ko ba a biya ba? Mai saye ya ƙagu, ya sake dannawa. Idan magini bai ba kowane ciniki lambarsa ta daban ba, wadda na'ura za ta gane ta ce wannan na riga na gan shi, za a cire kuɗin sau biyu. Idan ya yi gaggawar mayar da kuɗi alhali an riga an biya a can, kamfani ya yi asara. Dole manhaja ta san hali na uku, wato ana jira, ta faɗa wa mai saye da mai kaya gaskiyar haka, ta ci gaba da tambaya har ta sami tabbas. Idan kuma aka dawo da kaya bayan kwana uku farashin canji ya motsa, a wane farashi za a mayar da kuɗin? Wannan ma sai an yanke shi tun kafin a rubuta layi ɗaya.

Lissafin kansa yana da tarko. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu gutsattsarin lamba daidai. A yawancin harsunanta, idan aka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif ke fitowa ba. Saboda haka ƙa'idar sana'a ce a ƙirga kuɗi da mafi ƙanƙantar ƙwayarsa, a rubuta naira ɗaya a matsayin kwabo 100. Sai kuma a tuna yen da sefa ba su da kwabo, dinarin Kuwait kuwa kashi 1,000 ake raba shi. Kuskuren rabin kwabo a ciniki miliyan kuɗi ne mai yawa, kuma na wani ne. Kowace safiya akawu da magini suna gwama kundinsu da na abokan hulɗa layi-layi, ba a tashi sai an san inda kowane bambanci ya fito.

Sannan ga ɓarayi. Haruffa huɗun nan na ƙarshen lamba kuskure suke kamawa, ba sa kama ha'inci. A 2023 'yan sandan Jakarta sun kama wani mutum da ke bin masallatai yana manna lambar QRIS tasa a kan akwatunan sadaka, masu niyyar alheri suna zuba masa kuɗi ba su sani ba. Maganin da magini ke da shi shi ne ya fito da sunan mai karɓa da manyan haruffa kafin a biya, ya kuma tsananta tantance duk wanda zai yi rajistar karɓar kuɗi. Don maganin alat na bogi, ana ba mai kaya tasa manhajar ko 'yar na'ura mai magana, don kada ya dogara da hoton da mai saye ya nuna masa. A bulokcen kuwa, wanda ya riƙe mabuɗin sirri shi ne mai kuɗi, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa. A watan Maris na 2022 ɓarayi sun sami mabuɗai biyar cikin tara na tsarin Ronin, na wani kamfanin wasanni na Biyetnam, suka kwashe abin da ya haura dala miliyan 600. Shi ya sa ake ajiye manyan mabuɗai a na'urori na musamman, a raba ikon tsakanin mutane da yawa.

Hanyar da ta sauƙaƙa wa mai kifi ita ce kuma mai halasta kuɗin haram ke nema. A 2025 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ayyana rukunin kamfanonin Huione na Kambodiya a matsayin babbar kafar wanke kuɗin zamba. Wannan ya nuna dalilin da ya sa tantance mai buɗe asusu, da sa iyaka ga abin da za a aika a yini, da lura da cinikin da bai yi kama da na mai shi ba, suke cikin ginin tun daga tushe.

Koyo da abin samu

Ana shiga sana'ar ta jami'a, ana kuma shiga ta koyon kai, amma ba a ƙwarewa sai a ƙarƙashin wanda ya riga ka. Sabon shiga yakan fara da rubuta gwaje-gwaje da amsa koke-koken masu ciniki, kuma nan ne makarantar gaske, domin a nan yake jin muryar wanda kuɗinsa ya maƙale. Bayan harshen kwamfuta yana buƙatar lissafin akawu, inda kowace shiga ke da fitarta, da Ingilishin karanta ƙa'idoji, da sanin dokar kuɗi ta ƙasa biyu aƙalla. Ƙa'idar EMVCo da rubutun Iroha duk a buɗe suke a intanet ga mai son karatu. Ma'aikaci albashi yake ci ko kuɗin kwangila. Kamfani kuwa ɗan kamasho yake samu a kan ciniki da 'yar riba a kan canji, saboda haka sai ciniki ya yi yawa ƙwarai kafin a ga amfani. Ba sana'ar mai son kuɗin dare ɗaya ba ce.

Tsakanin Kano da Maraɗi

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan matsala. Hatsi yana tashi daga Dawanau, atamfa daga Kantin Kwari, dabbobi suna gangarowa daga Maraɗi da Damagaram, ana ratsa Jibiya da Illela da Maigatari, naira a wannan hannu, sefa a wancan. 'Yan canjin Wapa da abokan hulɗarsu na ƙetare sun daɗe suna biyan kuɗi a wani gari da kiran waya guda, bisa amanar da aka gina shekara da shekaru. Bankin Duniya kuwa ya sha nuna cewa aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin ɗari, alhali burin duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Tubalan ginin sun fara samuwa. Najeriya ta ƙaddamar da lambar NQR a 2021, ta fito da kuɗinta na intanet, eNaira, a watan Oktoban shekarar. An buɗe tsarin PAPSS a Akara a farkon 2022 don 'yan kasuwar Afirka su biya juna da kuɗin ƙasashensu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa masu ƙananan sana'o'i karɓar tiransifa. Amma darasin eNaira, wadda ita ma a kan bulokcen aka gina ta kuma jama'a ba su rungume ta ba, shi ne fasaha ba ta jawo mutane sai ta warware musu wata damuwa da suke ji a jikinsu.

Wanda zai gina wa wannan hanya manhaja yana da tambayoyin da ba zai sami amsarsu a Phnom Penh ba. Wane farashin canji zai nuna, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana yawo da kasuwa? Yaya zai yi da mai ƙaramar waya marar kyamara, da ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa? Yaya zai rubuta adadi ga ɗan kasuwar Maraɗi da ke ƙirga da dala ta sefa biyar da jika ta sefa dubu? Zai sa murya saboda wanda bai yi boko ba? Kuma tunda malaman fiƙihu sun sharɗanta canjin kuɗi ya kasance hannu da hannu, zai iya tabbatar wa mai tsoron Allah cewa cirewa da zubawa a zama ɗaya suke faruwa? Ya kuma tuna an rufe iyakar Najeriya da Nijar daga 2023 zuwa farkon 2024, kuma ba wata manhaja da za ta yi aiki ba tare da yardar babban bankin Najeriya, CBN, da na ƙasashen sefa, BCEAO, ba.

Matasanmu da suka iya rubuta manhaja suna ƙaruwa, a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai, kuma ina fatan wasunsu za su ɗauki wannan aiki da muhimmancin da ya kamace shi. Shawarata gare su ita ce su raba lokacin koyonsu biyu. Rabi a gaban kwamfuta, suna karanta ƙa'idoji suna gwada abin da wasu suka gina. Rabi a kan benci wurin ɗan canji da dillalin hatsi, suna kallon yadda ake ƙulla ciniki, yadda ake warware saɓani, da abin da ke sa a ba mutum miliyoyi ba takarda. Waɗannan dattawa sun riga sun san abin da manhajar ke son zama. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya yarda ya bi da kuɗin abokin cinikinsa ta cikin abin da yaro ya gina, ranar ce yaron ya zama mai sana'a.